Dakta Ya Bar Allo a Buɗe

Shafi na 23

Masu cika min akwatin saƙo da cewa na ƙyale Dakta yana cin karensa babu babbaka, ku gyara zama. Ku kuma da kuka shigo guruf wannan makon, Dakta shi ne dattijon malamin sashen kwamfuta da ya kai ƙarar ɗalibarsa 'Yar Gaba, wadda kullum a layin farko take zama. Ya ce Aljani ne ya rubuta mata aikin gida. Aljani kuwa sunan da ɗalibai suka laƙaba wa manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira ke nan, wadda ke rubuta wa mutum kod, wato jerin umarnin da ake ba kwamfuta, kafin ya ƙifta ido. Yau kwamitin ladabtarwa zai zauna.

*

Dakta yana ɗaura agogo a falo 'yarsa Auta ta shigo da waya a hannu. Ko gaisuwa ba ta yi ba.

"Baba."

"Na'am. Kin ga makullin motata?"

"Baba, ka zauna tukuna."

Ya dube ta ta saman gilashi. A jami'arsu take karatun haɗa magunguna, kuma bai taɓa ganin ta tashi da safe babu surutu ba.

"Ina da zaman kwamiti. In kuɗin littafi ne ki bari sai na dawo."

"Laccar da ka yi jiya ta intanet, da ka ce layi ya tsinke…"

"Ya tsinke mana."

"Kyamara kaɗai ka kashe, Baba. Allon kwamfutarka yana nan a buɗe, suna kallo."

Ta miƙa masa wayar.

Muryarsa ya fara ji. Wani ɗalibi ya tambayi dalilin da ya sa kod ɗin misali yake ta juyawa ba ya tsayawa. Sai ya ji kansa yana cewa, "Ku ba ni minti ɗaya, layin nan ba shi da kyau." Fuskarsa ta ɓace daga kusurwa. Allon bai ɓace ba.

Ya ga kibiyar linzamin kwamfuta tana rarrafe zuwa ƙasa. Ya ga Aljani ya buɗe. Ya ga haruffa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, irin bugun mai yatsa biyu, a goge a sake.

*Ɗalibi ya tambaye ni me ya sa wannan ba ya tsayawa. Ka ba ni amsa gajera, yadda zan faɗa kamar ni na sani.*

Amsa ta zubo. Fuskarsa ta dawo kusurwa, ya gyara gilashi, ya yi gyaran murya, ya karanto ta tas. Har da ƙari daga aljihunsa: "Wannan ai tun kafin a haife ku muke koyar da shi."

Wanda ya yanko bidiyon ya maimaita wannan jimlar sau uku, ya ɗora mata kiɗa.

Dakta ya lalubi hannun kujera ya zauna.

"Mutum nawa suka gani?"

"Gurufinmu ma an turo. Mu da ba 'yan sashenku ba."

"Babu wanda ya yi min magana a lokacin. Yara kusan ɗari biyu."

"Wa zai yi, Baba? Kai fa ka ce duk wanda ya katse ka ya sauka daga layi."

Matarsa ta fito daga kicin da kofin shayi, ta dubi uban, ta dubi 'yar.

"Lafiya? Rasuwa aka yi?"

Auta ta yi mata bayani a taƙaice, kanta a ƙasa. Hajiya ba ta san kod ba, ba ta san allo ba, amma ta gane abin da ya kamata ta gane. Ta ajiye kofin a hankali.

"Ba shi ne abin da ka yi wa Auta faɗa a kai ba, har ta kwana tana kuka? Ka ce a gidanka ba za a yi karatun ragwaye ba?"

Ya mayar wa Auta wayarta.

"Kuma ita 'yar mutane da za ku zauna a kanta yau, ba laifinta ke nan ba?"

"Hajiya, ba ki san yadda abin yake ba."

"To sanar da ni, Baban Auta."

Ya cire gilashin ya riƙe a hannu. Shi ma bai san ta inda zai ɗauko ba. Shekarar da ta wuce aka sauya manhajar karatu, aka kawo sabon yaren kwamfuta, aka ce an daina rubuta kod a allon bango, a gaban ɗalibai za a riƙa bugawa a majigi suna gani yana aiki. Aka shirya wa malamai horo. Ya je ranar farko, ya tarar mai koyarwar yaron da ya taɓa kayarwa ne a jarrabawa. Yaron ya zo bayansa ya ce, "Malam, ba nan za ka danna ba." Bai sake komawa ba.

"Na ce zan koya da kaina," ya ce. "Na sayi littafin ma. Ranar farko dai tambaya ɗaya na yi wa Aljanin, don in tabbatar."

"Na ce maka mu riƙa zama tare a ƙarshen mako," in ji Auta. "Ka ce ƙwai ba ya koya wa kaza."

Hajiya ta ɗauko makullin daga bayan talabijin ta ajiye masa a kan cinya.

"Laifi tudu ne. Ka sha shayin ka tafi, kada a ce ka ɓuya."

*

Bai taɓa sanin barandar sashen tana da tsawo haka ba.

Ɗalibai suna gaishe shi kamar kullum, har ma fiye da kullum, kuma wannan ladabin ya fi zagi ciwo. A ƙofar ɗakin kwamfutoci wasu samari uku sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Suna ganinsa suka watse, ɗaya ya kama tari na ƙarya.

Bai kai ofishinsa ba Shugabar sashe ta leƙo.

"Malam, ko za ka ɗan shigo?"

A cikin malaman sashen ita kaɗai ce ba ta ce masa Dakta. Shi ya koyar da ita a ajin farko, shi ya duba mata aikin kammalawa, shi ya rubuta mata shaidar da ta tafi ƙaro karatu da ita. Ko yanzu ba ta zauna a kujerarta ba. Ta rufe ƙofa, ta ja ta baƙi ta zauna gefe.

"Kin gani," ya ce.

"Na gani, Malam."

"To ki faɗi abin da za ki faɗa."

"Bidiyon ba shi ne damuwata ba. Za su yi dariya mako biyu su samu wani. Rabin malaman sashen nan suna amfani da shi, ni ma ina yi. Tun bara nake roƙo a zauna a tsara yadda za mu koya wa yara amfani da shi da ido buɗe, kai ka ce sai bayan ranka."

"To mene ne damuwar?"

Ta juyo da kwamfutarta ta fuskance shi. An raba allon gida biyu.

"Na hagu aikin 'Yar Gaba ne. Ka tuna layin da ka karanta wa aji?"

Ya tuna. Aikin na jera sunayen ɗalibai ne bisa makinsu. A tsakiyar kod ɗinta akwai layin bayani, irin wanda kwamfuta ba ta karantawa, don mutum ake rubuta shi. Layin ya ce, *ga cikakken misali kamar yadda ka nema, za ka iya sauya sunayen yadda kake so.* Ya haska shi a majigi ranar, ya sa ta miƙe tsaye, ya ce wa ajin, mutum ba ya rubuta wa kansa haka, wannan bakin Aljani ne. Aji ya yi dariya.

"Na tuna."

"Dubi na dama."

Ya matso da fuska. Layin ne dai, kalma da kalma, har waƙafin da ke tsakiya.

"Na wa ne wannan?"

"Takardar darasinka ce ta huɗu, Malam. Wadda ka ɗora musu a shafin aji ka ce su gina aikinsu a kanta."

Fanka tana juyawa a sama amma gumi ya tsattsafo masa a wuya.

"Ba zai yiwu ba. Da haka ne ai duk ajin za a gani."

"Na duba na kowa jiya. Yawancinsu ko buɗe takardar ba su yi ba, wurin Aljani suka tafi kai tsaye, kuma sun iya goge sawu. Kaɗan da suka buɗe sun share layin. Ita kaɗai ta bar shi. Abin da malaminta ya rubuta ne, ba ta ga dalilin taɓawa ba. Sauran aikin kuwa nata ne, na sa ta sake rubutawa a gabana, ta yi."

Sai lokacin ya tuna. Ranar da ya tsayar da ita, ta buɗe baki ta ce, "Malam, a cikin takardar…" Shi kuma ya ɗaga hannu ya ce ta adana bayaninta sai gaban kwamiti.

"Ban karanta ta duka ba," ya ce, da muryar da bai san tasa ba ce. "Na ga tana aiki, na ɗora."

Shugaba ta kawar da kai ta dubi taga. Da ta dube shi ma da ya fi masa sauƙi.

"Wa ya sani?"

"Ni da ita. Sai kai yanzu."

"Farfesa fa?"

"Farfesa wayarsa ko hoto ba ta buɗewa. Bai ga komai ba."

Farfesa shi ne shugaban kwamitin, abokin Dakta tun suna samari a ɗakin kwanan ɗalibai.

"Malam, ka saurare ni. In ta musanta, doka ta ce a buɗe bincike, a kwaso takardun darasi, a kwaso tambayoyin gwaji. A bidiyon nan, a gefen allo, ana ganin jerin abubuwan da ka tambaye shi. Akwai tambayoyin gwajin tsakiyar zango. Wannan ya wuce dariya, maganar aiki ce. Saura maka shekara biyu ka yi ritaya."

"In ba ta musanta ba fa?"

"Laifin farko ne. Gargaɗi a rubuce, ta maimaita darasin baɗi. Ba kora."

"Ta maimaita shekara a kan abin da ba ta yi ba."

"Darasi ɗaya."

"Tallafin karatunta fa? Ba sa sabunta wa mai gargaɗi."

Shugaba ta rufe kwamfutar.

"Haka na koya miki?"

"A'a, Malam." Idonta ya kawo ruwa. "Amma ba zan iya zama ina kallo a yi maka tonon silili a gaban yaran da ka haifi iyayensu ba. Kai dai kada ka ce komai a ciki. Ka bar min sauran."

Ya so ya ce a'a. Kalmar tana bakinsa, ya ji nauyinta a kan harshe. Sai ya ji kansa yana tambaya, "Ƙarfe nawa za a shiga?"

*

A bencin da ke ƙofar ɗakin taro ya same su. 'Yar Gaba ta rungume jaka a ƙirji. Kusa da ita wata mata ce cikin fararen kayan ma'aikatan jinya, da alama daga aiki ta wuto, ko gida ba ta biya ba.

Matar tana ganinsa ta miƙe ta rusuna.

"Ina kwana, Malam. Ni ce mahaifiyarta."

"Lafiya lau. Don Allah tashi."

"Kai ne Dakta ko? Ai ko ba a faɗa ba na gane. Kullum a gida maganarka take, Malam ya ce, Malam ya ce. Har ƙannenta suna tsokanarta da shi."

Ya kasa duban yarinyar. Ya tsayar da ido a kan agogon da ke maƙale a aljihun rigar uwar.

"Malam, ban zo gardama ba. Kai ka san aikinka, ni allura na sani. In ta yi kuskure 'yarka ce, ka ja mata kunne. Tun da mahaifinta ya rasu ni kaɗai ce, kuma Allah ya sani ban koya mata ɗaukar abin da ba nata ba. Na tambaye ta har na gaji, ta ce ba ta yi ba, daga nan ba ta ƙara ko kalma. Shekaranjiya har rantsuwa ta yi min."

"Umma, ya isa," in ji yarinyar a hankali.

"Ke rufe min baki, manya suna magana."

Uwar ta juya neman ruwa a jakarta. Dakta ya sunkuya kaɗan, ya rage murya.

"Me ya sa ba ki faɗa musu inda kika samo layin ba?"

'Yar Gaba ta ɗago. Babu fushi a fuskarta, gajiya ce kawai.

"Na ɗauka za ka duba, Malam. Kullum ina cewa yau zai duba."

Sai sakataren kwamiti ya buɗe ƙofa.

*

Dogon teburi ne. Farfesa a kai, malamai biyu daga wasu sassa a damansa, Shugaba a hagu. Aka zaunar da Dakta daidai inda zai fuskanci yarinyar da uwarta.

Farfesa ya buga masa kafaɗa kafin ya zauna.

"Mutumina, ka ga abin da muke faɗa ko? Mu da muka yi karatu da fitila da ciwon baya. Allah ya bar mana irinku a jami'ar nan, da tuni an mayar da digiri kayan danne-danne."

Ɗaya daga cikin malaman ya sunkuyar da kai yana gyara biro. Dakta ya san malamin ya ga bidiyon. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Sakatare ya karanta ƙara. Ya karanta layin. A bakinsa ma ya fi muni.

"To, yarinya," in ji Farfesa. "Kin ji abin da malaminki ya ce. A takardar da kika rubuto mana kin ce da abin da aka ba ki kika yi aiki. Wannan ba amsa ba ce. Ina son eh ko a'a. Kin sa na'ura ta rubuta miki?"

'Yar Gaba ta dubi Shugaba. Shugaba tana kallon teburi.

Nan Dakta ya gane. Ba shi kaɗai aka kira ofis ba. An riga an zaunar da yarinyar, an lissafa mata abin da zai faru da malaminta in ta buɗe baki.

Ya sa hannu a kan teburi zai miƙe. Sai ya janye hannun, ya ci gaba da zama.

"Muna jinki," in ji Farfesa.

"Eh."

"Ɗaga murya, sakatare yana rubutawa."

"Eh, ranka ya daɗe. Ni na yi."

Hannun uwar yana kan kafaɗarta tun da suka zauna. Dakta yana kallo hannun ya sauka a hankali ya koma kan cinya.

"Kin rantse min fa," ta ce, ba da ƙarfi ba. "A kan kabarin babanki kika ce."

Yarinyar ba ta juya ba. Hawaye suna sauka a kan jakar da ta rungume, ba ta share ba.

Farfesa ya girgiza kai ya zare murfin alƙalami.

"To, ta rage mana aiki. Amsa laifi ma tarbiyya ce, Hajiya, kada ki tsananta mata. Sakatare, kawo in sa hannu."

"A gafarce ni, ranka ya daɗe."

Uwar ce ta miƙe. Ta gyara mayafinta, ta dafa teburi da hannu biyu.

"Ni na haife ta. Na san fuskarta in ta yi ƙarya, amma yau na rasa wacce ce ƙaryar, ta shekaranjiya ko ta yanzu."

Ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci Dakta.

"Malam, kai ne ubanta a makarantar nan, kuma kai ta fi yarda da shi a duniya. Duk abin da ka faɗa na karɓa, ba zan sake tambayar kowa ba. Ka dube ni ka gaya min da bakinka. 'Yata ta yi?"